Yadda Za Ki Auna Cin Kowa a Kwamfutar Gida Ba Tare da An Gano Naki Ba

Idan kwamfuta ɗaya ce a gidanku, kuma kowa ya cusa mata 'yar manhajarsa mai tashi tare da ita ta yi zaman daram a ƙwaƙwalwa, to ranar shari'a tana nan tafe. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbacin taki za ta tsira. An gwada hanyar a birnin Plovdiv, a wani bene hawa na shida, a hannun wata yarinya Zornitsa, kuma ba a cire mata komai ba. Wannan dai gaskiya ne.

1. Ki san laifinki kafin kowa ya sani

Ƙwaƙwalwar kilobait ɗari shida da arba'in ce, ba ta ƙaruwa ko an yi kuka. Ta Zornitsa ƙamus ne na Faransanci, wanda da ta danna maɓalli biyu sai ya faɗo a allo. Ta taɓa auna shi a ɓoye. Saba'in cif yake lanƙwamewa.

Ranar da mahaifinta Stoil ya kawo sabon wasan dara, irin mai doki da sarki, a faifai, kwamfutar ta ce saura sha biyu wuri ya isa. Ya cire tabarau ya yanke hukunci: "A auna na kowa. Wanda ya fi ci, shi zai fita. Ba ruwana da na wane ne."

A nan kada ki haɗiyi yawu da ƙarfi. Ana ji.

2. Ki riga kowa hawa kujera

Mai awo ba ya faɗuwa a awo. Ki rungumo littafin bayanin da ya zo da kwamfutar, ko da kuwa da Jamusanci yake, ki buɗe tsakiya ki ɗaure fuska.

"Ke mai tabarau, tashi," in ji yayanta Tihomir. "Yaushe kika iya Jamusanci?"

"Ina gane hotunan, Yaya."

"Ƙyale ta," in ji Baba. "Ita kaɗai ce mai karatu a gidan nan."

Tsoro ma yana da amfani. Mai gaggawar danna maɓallai kama yake da gwani.

3. Ki fara da gaskiya, tunda ba a kanki take ba

Awon ba wuya. Ki duba wurin da ya rage, ki buɗe jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar, ki sa wa layin ɗaya alamar a tsallake shi, ki kashe ki kunna, ki sake dubawa. Bambancin shi ne cinta. Ki fara da ta yayanki, ki faɗi sakamakon a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa.

"Ta sandar wasan Yaya, shida."

"Shida kawai? To saura na Malama."

"Ana bin layi ne, Yaya. Haka littafin ya ce."

Littafin bai ce ba. Amma babu mai iya ƙaryata ki.

Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ki yi tsaki tare da kowa, kada murnarki ta fito. Kaka Ganka za ta zo ta lulluɓe kwamfutar da ƙyallen da ta saƙa mata, don a ganinta sanyi ne ke sa ta mantuwa. Ki bar ta. Duk jinkiri naki ne.

4. Ki nemo marainiya

A kowace kwamfuta akwai layi guda da ba mai shi. Zornitsa ta samu nata can ƙasa: wasu 'yan haruffa cunkushe, marasa ma'ana, tun na mutumin da ya sayar musu da na'urar.

"Wannan na waye?"

Baba ya dubi Tihomir. Tihomir ya dubi Kaka.

"Ni ko kunna ta ban iya ba," in ji Kaka. "Ku daina kallona kamar na saci kaza."

Zornitsa ta laluba littafin, babu sunan ko'ina. Ki ɗauki wannan a matsayin izini. Abin da Bajamushe bai rubuta ba, ai ba shi da muhimmanci.

5. Ki ɗora mata kayanki

Nan ne aikin yake. Lokacin da za ki tsallake layin marainiya, ki tsallake naki tare da shi. Ana bukatar a kau da idon yayanki na ɗan lokaci. Zornitsa ta shaƙi iska ta ce, "Kaka, kamar wainar banitsarki tana ƙonewa." Duk suka waiga kicin.

Aka kashe, aka kunna. Bambanci: tamanin da huɗu.

Baba ya dafe ƙirji. "Tamanin da huɗu? Muna ciyar da ƙato a gida ba mu sani ba."

"Baba, ba a fa auna ƙamus ba," in ji Tihomir.

"Me za a auna kuma? Ɗan littafi ne zai wuce tamanin? Kai dai ba ka son ƙanwarka da alheri. Zori, cire wannan ɓarawon."

Sai ki cire shi, ki mayar da naki a ɓoye. Ainihin cin marainiyar sha huɗu ne, dara kuwa sha biyu take nema. Za ta buɗe, kuma wanda ya ga dokinsa a allo ba ya komawa lissafi.

6. Ki karɓi yabo da kai a sunkuye

Baba zai kira maƙwabci ya zuba masa barasar nan rakiya, ya nuna ki da yatsa. Ki ce ba komai. Daga nan zai ce, "Zori, nuna masa ƙamus ɗin nan naki." Ki danna maɓallanki biyu.

Faransancin zai fito tsaf. A gefen da fassarar take kuwa za ki ga akwatuna, da sanduna, da wani abu kamar tsani ya karye. A nan za ki gane aikin marainiya: ita ce take koya wa kwamfutar haruffan harshenmu, waɗanda ba irin na Faransanci ba ne. Dara ba ta bukatar haruffa. Ƙamus ne mai bukata.

7. Ki karanta

Kada ki yi tunanin mayar da ita. Da ta dawo dara za ta rufe, a sake awo, kuma wannan karon Tihomir ne a kujera.

Maƙwabcin ya matso da fuska. "Wannan kuma wane rubutu ne?"

"Sabon salo ne, Kawu. Na masu nisa a karatu."

Tihomir ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa tata. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dube ta, ya yi murmushin da ba ta so.

"To, Malama. Wannan mai kama da tsanin, me ya ce?"

Zornitsa ta gyara tabarau. "Kabeji."

"Na ƙasansa fa?"

"Wani irin kabejin."

"Allah sarki," in ji Kaka. "Ashe su ma can abin da suke ci ke nan."

Tun daga ranar, kullum bayan cin abinci Tihomir yakan ce a kunna wa ƙanwarsa ƙamus, kada karatunta ya yi baya. Shi da kansa yake zaɓo kalmomin.

Gargaɗi

An yi alkawarin ƙamus ɗinki zai tsira, kuma ya tsira. Ba a taɓa cewa za ki iya karanta shi ba. Duk abin da ya biyo baya, ko jarrabawar Faransanci ce, ko wanke-wanken da za ki riƙa yi wa yayanki don ya riƙe bakinsa, tsakaninki ne da shi. Mai wannan rubutu ba ta san ki ba, ba ta taɓa hawa na shida ba, kuma tana roƙo kada a nuna wa Baba.