Sifanar Kawu Modu

Ranar addu'ar ukun Kawu Modu, tsohon sojan da duk Gwange ke kai wa gyara, famfon ƙofar gida ya fara ɗiga. Matarsa, Ya Falmata, ta ce a kira mai gyara.

Na ce, "Haba Ya, ina raye? Ni nake riƙe masa sifana fa."

Ashe riƙewar kawai na iya. Ban rufe tanki ba na murɗe kan famfon, ya fice. Ruwa ya yi wa liman wanka ana tsakiyar addu'a, baƙi suka rasa na alwala.

Ya Falmata ta karɓe sifanar, ko kallona ba ta yi ba.

Har yau ko cokali ya lanƙwashe sai a ce, "Ku ɓoye, ga Magajin Kawu nan."