Kwamfutar da ke Shimfiɗa wa Baƙin Ƙarya Tabarma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar da ke tafiyar da kwamfutata, Allah ya ƙara maka basira.

Bayan gaisuwa ta ban girma, ranka ya daɗe, ni mai shagon yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ne a Jega. Na zo yaba tarbiyyar da kuka ba na'urarku.

Na ɗaya. Kwana huɗu tana sandarewa da zarar ta hau intanet. Mun zaci zafi ne, har maƙwabcina Hamma ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhun albasa kamar randa. Sai da wani malamin kwamfuta daga Aliero ya duba, ya ce wasu 'yan ta'adi ne ke aiko mata dubban saƙonnin sallama na ƙarya. Ita kuwa, saboda kun koya mata kunya, kowanne sai ta amsa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta tsaya jiran ya shigo. Ba mai shigowa, tabarmi sun ƙare, mai buƙata ta gaskiya yana waje. Ranka ya daɗe, ko a nan Jega akwai gidan da ake karɓar baƙi haka?

Na biyu. Malamin ya ce kun san da wannan ɓaraka tun bara. Madalla da iya riƙe sirri.

Na uku. Da na kai muku kuka, kun ce in sauke gyaran ɓarakar ta intanet. Ta wace ƙofa? Wadda baƙin suka toshe?

Na huɗu, kuma shi ne ya ƙona min rai. Binta, ɗiyar ƙanwata, sau uku tana hawo mashin daga Maiyama don in yi mata rajista. Ita ce ta farko a gidansu da ta gama sakandare, burinta aikin jinya. Na hana ta zuwa wani shago, na ce ta dogara da kawunta. Ranar ƙarshe tana zaune gabana, takardunta a cinya, har aka rufe rajistar. Ba ta yi kuka ba, ni ne na kasa kallonta.

Washegari baƙin suka watse, gyaranku ya sauka lafiya lau, tare da saƙon godiya bisa haƙurina. Na buga saƙon a takarda mai kyau. Ina roƙon ka sanar da ni, ranka ya daɗe, ɗakin jarrabawar da Binta za ta nuna shi a bar ta ta shiga.

Naka mai biyayya har gyara na gaba,
Abdulƙadir Katanga, Jega.