Man da Labbo Ya Haɗa Mini

Ba zan taɓa mantawa da ranin farko bayan an ba mu mulkin kai ba, kuma ko na so in manta, mutanen Gulma ba za su bari ba. Har yau in na tuna sai in ji rabi kunya, rabi haushi. Haushin ma ya fi yawa.

A lokacin ina saurayi, ina tuƙa wata 'yar ƙaramar tarakta a ofishin gona na Birnin Kebbi. Ba ta fi ƙosasshen bijimi girma ba, amma ni a idona jirgin sama ce. Baturen da ya koya mana tuƙi ya tattara ya koma ƙasarsu, gari kuwa ya ɗauka cewa injunan nan duk mutuwa za su yi tunda mai su ya tafi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na ƙudura cewa sai na nuna wa kowa baƙin mutum ma ya iya.

Bari in yi muku bayanin abu ɗaya, don ku gane inda na faɗi. Taraktar tana da rumbun mai a ƙarƙashin kujerar direba. Man nan shi ke shayar da giyar injin, kuma shi ne famfo ke turawa ya ɗaga garma sama in an ja liba, wato sandar da ke gefen direba. In ya yi kauri da yawa famfo ba ya iya jansa, in ya tsinke kuma ba ya riƙe nauyi. Nata man na musamman yana cikin duro a sito. Duk wannan na san shi sarai (ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci).

Wata rana malamin gona, shugabanmu, ya ce in kai taraktar can Argungu, za a nuna wa manoman shinkafa aikinta a fadama ta wajen Gulma. Na ce a ba ni galan ɗaya na mai in riƙe saboda hanya. Mai sito ya tafi suna da makulli a aljihu. Malamin gona ya kaɗa hannu ya ce, "Tahi abinka, mi za ya same ta?"

Ga shi kuma a Gulma Kulu take, yarinyar da aka sa mana rana. Mahaifinta ya riga ya gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi a masallaci cewa surukinsa ne zai tuƙo injin.

Hanyar lokacin ba hanya ba ce, turba ce mai ramuka. A wani wuri na ji ƙasan taraktar ya daki kututture, ban kula ba. Sai da na iso tashar Argungu da la'asar na ga ɗigon mai yana bina a baya kamar jerin tururuwa. Notin ƙasan rumbun mai ya kwance. Na ɗaure shi, na zaro sandar awon mai, na ga da ƙyar mai ya taɓa bakinta.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in aika da saƙo Birnin Kebbi ta hannun masu lori, a ɗaga taron zuwa jibi. Amma an riga an yi shela ƙauye-ƙauye. Ina durƙushe ina tunanin yadda za a ce injin ya mutu tun bai taɓa ƙasa ba, sai na ji murya a kaina.

"Direban gwamnati! Mi ya hwaru kake leƙen gindin mota kamar mai neman ƙwan zabo?"

Labbo ne, ɗan kawuna, taubashina, direban lori. Mutum ne da ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Na gaya masa halin da nake ciki. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Wanga ɗan abu ad damuwarka? Mai ai duk mai na. Taso in haɗa maka."

Na ce, "Labbo, wagga mota tana da man da taka sha."

"Wa ya gaya maka? Bature? To ya tahi. Ni da hannuna na gyara irinta a Jega, wallahi har yanzu tana noma."

(Daga baya na gano bai taɓa ko hawa tarakta ba. A Jega abin da ya gyara fitilar ƙwai ce.)

Ya aro kwano wurin mai tuwon tasha. Ya tsiyaya man giyar lorinsa, baƙi, mai kauri kamar maɗi. Na ce ya yi kauri. Ya ce ya sani, ya kwarara kananzir a kai yana juyawa da kara. Sannan ya ɗauko gwangwanin man birki ya ɗaga shi sama kamar mai tallar magani.

"Ga sirrin. Birki da mi yaka kama lori mai lodi? Da wanga. To abin da ya tsai da lori, garma ta za ta gagare shi?"

Jama'a, na rantse maganar ta shige ni a lokacin. Muka ɗura haɗin, na tayar da inji, na ja liba. Garma ta yi tsalle sama kamar an tsikare ta. Ban taɓa ganin ta tashi da sauri haka ba. Na rungume Labbo, na yi masa godiya, har na saya masa gasasshen kifi. Kifin nan shi ya fi ƙona mini rai har gobe.

Da safe fadama ta cika. Manoma sun zo da kalmensu na noma a kafaɗa, masunta sun bar komar kamun kifi sun hauro, mata sun yi cincirindo can baya. An shimfiɗa wa mai gari tabarma, malamin gona na gefensa ya sha farin kaki. Na ɗaura sabuwar tutar ƙasa a gaban taraktar. Filin da aka ware kuwa ya ƙare ne daidai bakin fangalin albasar mahaifin Kulu, don shi ya roƙa a yi a nan, ya gani da kyau.

Farkon aiki ba a magana. Garma ta nutse, baƙar ƙasa na kifewa, in na kai ƙarshen kunya in ja liba, ta tashi, in juyo. Mata suka rangaɗa guɗa. Na hango Kulu ta rufe baki da gefen mayafi. Nan fa na fara tuƙi da hannu ɗaya.

Da rana ta ɗaga, mai ya yi zafi, sai na fara jin warin kananzir yana tasowa daga ƙarƙashina. Giya ta soma gurnani. Garmar da ke tsalle ta koma tashi tana karkarwa kamar tsoho zai miƙe daga sallah. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce a sha ruwa. Ni na ƙara totur.

Na doshi ƙarshen filin, wajen albasa. Na ja liba. Shiru. Na mayar na sake ja. Garma na cikin ƙasa abinta. Sai na juya gaba ɗaya ina kallon baya, ina jijjiga libar da hannu biyu, na manta Allah ya yi wani abu wai shi kuloci, na manta mota tafiya take. Na ji mutane na ihu, na ɗauka kirari ne. Sai da na ga albasa na tashi a bayan garma, fara-fara, a tsattsage, sannan na waiwayo gaba. Kafin in taka komai mun daki jigon ban ruwa. Sandar ta faɗo, gugan ya kife a kan tuta, injin ya yi tari ya mutu. Wata kumfa mai ruwan ƙasa ta riƙa tsartuwa ta ramin sandar awo tana wanke mini wando.

Sai dariyar mutum ɗaya ta tashi, na kuma san mai ita.

"Na hwaɗa mashi!" in ji Labbo, yana riƙe ciki. "Na ce kai, injin Bature ba a yi mai haɗe-haɗe, yaƙ ƙi ji!"

Ku ji fa! Mutumin da ya juya haɗin da hannunsa, ga baƙin mai ma bai gama fita daga faratansa ba. Na buɗe baki in tona shi, sai na ga mahaifin Kulu yana tahowa a hankali cikin ɓarnar. Ba a ɗaga murya gaban suruki, na haɗiye. Ya sunkuya ya ɗauki rabin albasa, ya juya ta, ya dube ni.

"Sannu da aiki, ɗana," ya ce. "Noma ya yi kyau. Sai dai wanga wurin mun riga mun nome shi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani tsoho a bayan mai gari ya ce, yadda kowa zai ji, "Ashe da gaskiya na, Bature ya tahi da asirinta." Malamin gona kuwa, wanda ya hana ni galan, ya taso ya wanke ni tas a gaban jama'a, wai wane irin direba ne zai fita babu man ajiya. Na dube shi, ya dube ni, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ƙarti suka sa itace suka ɓanɓaro garmar daga ƙasa, aka ɗaure ta sama da igiya. Aka kawo shanun huɗa, su da muka zo mu nuna cewa zamaninsu ya wuce, suka ja taraktar zuwa inuwa, ni ina bisa ina riƙe da sitiyari.

Makanikin ofis ya zo ya zubar da haɗin, ya wanke rumbun, ya canza robobin da man birki ya kumbura. Aka sauke ni daga tuƙi har ƙarshen rani. Wannan hutun dole a Gulma na yi shi, ina tada fangali da kalme, ina jan sabon jigon da na kafa. A shekarar manoma kaɗan ne suka yarda injin ya shiga gonarsu, kuma wannan ya fi albasar yi mini ciwo, don ba laifin taraktar ba ne. Sai da wani ranin ya zagayo na dawo da galan ɗina ɗaure a bayan kujera, na nome fadamar lafiya, sannan aka fara sakin jiki.

Auren dai an yi. Kun san wa dangi suka naɗa babban aboki? Labbo. Ya zauna a tsakiyar abokan ango ya ba da labarin tun daga farko, a nasa labarin har kuka ya yi yana roƙona kada in zuba. Ni ango ne, an lulluɓe ni, ba dama in yi magana.

Tun daga nan, inji ya sha man da aka yi shi da shi ko ya kwana a tsaye, taro ya watse in ya ga dama. Ɗaga taro kunyar yini ɗaya ce. Kuma duk wanda ya fara rantsuwa tun ban ce ya yi ƙarya ba, ina mayar da murfin rumbu in ɗaure, in zauna a kai har ya tafi.