Ranar Da Na Kafe Da Surukina A Gonar Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki surukina a motata ba. Ko na so in manta ma, mutanen Wurno ba za su bar ni ba.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce irin ta shiga daji, cikin waɗanda aka yi aikin dam ɗin Goronyo da su. A bayan gidan wani kawuna na same ta a Rabah, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar direba. Kawu ya ce in ina so in kwashe, dama 'yan gwangwan yake jira. Ni malamin makaranta ne, abin da na sani a mota bai wuce inda ake zuba mai ba, amma ina ganinta ta shiga raina.

Shekara biyu muka yi a kanta ni da Bala bakanike. Shi ke aiki, ni ke miƙo sifana da surutu. Muka sauke inji, muka sauya lagireto, muka yi ta zarya Sakkwato neman kaya. Ranar da ta fara tashi, hayaƙin da ta yi sai da maƙwabtan gareji suka fito da bokitai. Daga nan iyayina ya motsa. Na sa aka ɗaga ta da ƙarin sifirin, aka saka mata manyan tayoyi da suka fi bodin faɗi, da fitilu huɗu a goshi (ni da ba na tuƙi bayan magariba), aka fesa mata koren fenti. Ban tsaya nan ba. Duk ƙarshen mako sai in shige ƙarƙashinta ni kaɗai, in kwance wani ƙarfe in goge in shafa masa jan fenti, wai ko wani zai leƙa ya ga tsabta. Matata Hajara takan ce, "Malam, wagga mota ta hi ka samun wanka."

Sai ga auren ƙanen Hajara ya taso, a wani ƙauye bayan Kwargaba, gefen fadama. Mahaifinsu, Baba Alhaji, shi zai karɓi auren, kuma goro da alewar ɗaurin aure duk suna hannunsa. Sauran motoci za su zagaya ta babbar hanya. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da Baba, ranar sai ga bakina ya buɗe.

"Baba, in an yarda ni zan kai ku. Ta fadama za mu yanke, mu riga kowa isa."

Ya dubi motar, ya dube ni. "Malam, an saki ruwa ga gonakki satin ga. Hanyar na biyuwa?"

"Baba, ai da irin wannan aka gina dam." (Sai ka ce ni na tuƙa ta lokacin.)

Ya shiga gaba shi da amininsa Malam Buhari, dattijo mai barkwanci, muka ɗora goro a baya. Farkon tafiyar kam ta yi daɗi. Muna bin bakin magudanar ruwa, shinkafa kore shar hagu da dama, injinan ban ruwa na ta ƙugi, ni kuma ina ba dattawa darasin giyar mota. Na nuna musu ɗan ƙaramin hannun da in an ja shi ƙafafu huɗun duk suke juyawa. Malam Buhari ya ce, "Allah Shi sa kar mu bukace shi."

Ba mu yi nisa ba muka tarar ruwa ya fasa kunya ya shafe hanya. Baba ya ce, "Mu ɗan sauka mu duba?" Na ce ba sai an sauka ba. Na danna. Motar ta yi taku biyu cikin mutunci, ta murguɗa ƙugu, ta zame ta zauna daram a tsakiyar gonar shinkafar mutane.

Wallahi murmushi na yi, don dama ranar nake jira. Na ja ɗan hannun nan a hankali yadda za su gani da kyau, na taka mai. Ƙafafun baya suka yi ta juyi, na gaba ko motsi. Na sa ribas na ƙara takawa. Manyan tayoyin da nake taƙama da su suka kwaso laka suka watso ta taga, ta sauka a kan farar rigar Baba tun daga kafaɗa har cinya.

Ana haka mai gonar ya iso, wani dattijo da wando naɗe. Bai yi faɗa ba. Ya zagaya motar ya ce shi ma ya tuƙa irinta zamanin aikin dam. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Malam, ina hwarhelar gaba?"

Farfela ita ce dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba. Yana rufe baki na gan ta a zuciyata, jingine a bangon zaurena, ja wur. Sati biyu ke nan da na kwance ta, kuma da na ga motar na tafiya ba ita, sai na ɗauka ba ta da wani aiki na gaggawa.

Na ce, "Tana gida."

Malam Buhari ya ce, "Gida tana mi?"

"Fenti ne bai gama bushewa ba."

Malam Buhari ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Baba kuwa ya dubi agogo, ya cire takalmi, ya tattare riga, ya sauko cikin laka da ƙafarsa. Mai gona ya ɗauke shi a babur, ya dawo ya ɗauki Malam Buhari da huhun goro a cinya. Auren da aka sa ƙarfe sha ɗaya, sai bayan azahar aka ɗaura, dangin amarya har sun fara tambayar ko an fasa ne.

Ni kuwa shanun huɗa biyu aka kawo suka fizgo ni. Motar ta ƙi tashi, don haka da shanun na shiga ƙauyen, ina riƙe da sitiyari, daidai lokacin da aka shafa fatiha jama'a na fitowa. Maroƙi ya hango ni ya ɗaga murya: "Ga surukin Alhaji ya iso da sabuwar mota mai cin harawa!" Da akwai rami a ƙasan kujerar nan da na shige.

Da yamma na je na durƙusa gaban Baba, kaina a ƙasa. Ya ce, "Babu komi, Malam, aure ya ɗauru. Amma shinkahwar bawan Allah da ka tattake, a koma a dasa mishi."

Kwana uku na yi ina dashe, ƙuguna kamar zai ɓalle. A nan muka saba da mai gonar, shi ya koya mini yadda ake shiga laka da mota ba a yi mata ihu da mai ba. Bala ya mayar da farfela, yana ɗaurawa yana share hawayen dariya. Yanzu motar lafiya lau take, ita ke fito da albasa da shinkafar rabin unguwarmu daga fadama, kuma Baba bai daina shigarta ba. Sai dai duk ranar da na zo ɗaukarsa, yakan tsaya da hannu a kan ƙofa, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Malam, ka taho da ita duka?"

Tun daga ranar na daina kwance abin da ban san aikinsa ba. In dattijo kuma ya ce a sauka a duba, ni ke riga kowa buɗe ƙofa.