Yadda Za Ka Ceci Abokinka Daga Gawo Ba Ka Kashe Ko Anini Ba

Kana da aboki da ya maƙale a ƙasar waje, aljihu wayam, ya aiko maka da kuka? Kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. Ni Sallau na Gungun Ɗorawa na taɓa shiga wannan hali, na fito da suna mai kyau, da aljihuna yadda yake, har da ƙari. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari gari zai shaide ka da zumunci, kuma ko anini mai rai ba zai bar hannunka ba.

Wanda na gwada dabarar a kansa shi ne Maliki, abokina tun muna wasan ƙasa, danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Shekarar da ake ƙarasa dam ɗin Kainji ya bi Sarkawa masunta kamun kifi, suka hau kogi har Gawo ta ƙasar Mali. Can jirginsa ya daki dutse ya rabe biyu, taru ya bi ruwa, zazzaɓi ya cinye abin da ya rage. Fam uku yake nema ya hau mota ya dawo. Kuma abin da gaggawa, don an riga an yi shela cewa ruwa zai shanye gungunmu, za a mai da mu sabon gari a tudu. Mai unguwa ya ce ranar da masu rubuta lambar gidaje suka zo, gidan da ba a ga mai shi a ƙofa ba, ba shi da gida a can. Ka ga ke nan in Maliki bai dawo da wuri ba, shi da tsohuwarsa sun tashi a tutar babu.

Mataki na 1: Karɓi saƙo a gaban jama'a

Kada ka kuskura ka ja manzo gefe. Tausayin da aka yi a ɓoye asara ne. Ni Illo ne ya kawo mini labarin, wani mai jirgin fatauci da ke kai goro sama ya sauko da gishiri. Ya same ni a bakin ruwa ana ɗaurin albasa, ya rage murya ya ce, “Sallau, saƙo gare ni daga Maliki.”

Na ce, “Hwaɗi da ƙarhi, Illo, nan duk ’yan uwa na.”

Da ya faɗa, sai na saki buhun da ke hannuna, na dafe kai, na ja salati har mata masu wanki suka miƙe tsaye. Kai ma haka za ka yi. In hawaye suka ƙi zuwa, ai albasa na kusa. Daga nan ka bugi ƙirji ka ce, “In dai ina numfashi, ba ya ƙara wata guda a can.” Lura da kyau, ba ka ce wane wata ba.

Mataki na 2: Binciko laifinsa

Kafin a ciro mutum daga rijiya, ya kamata a san abin da ya kai shi bakinta. Zauna a inuwa da dattawa ka buɗe zance. Wa ya aike shi? Kifin Yawuri ƙarewa ya yi? Ba ka ce masa ya tsaya ya yi albasa ba? Ko ba ka taɓa cewa ba, yanzu ka ce ka ce. Za ka samu dattijo ɗaya da zai girgiza kai ya ce wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Da zarar an faɗi haka, rabin nauyin ya sauka daga kanka ya koma kan mai shi.

Mataki na 3: Yi shawara har jirgi ya tashi

Sauri ya haifi nawa. Ka ce ba a aika kuɗi ƙasar rainon Faransa da ka, sai an tambayi waɗanda suka sani. Je Yelwa ranar kasuwa ka tambaya. Haye Shanga ka tambayi wani da aka ce kakansa ya taɓa zuwa Gawo. In aka ce ya rasu, zauna ka yi gaisuwa kwana biyu. Ni da na dawo gungu, Illo ya gaji da jira ya cika jirgi ya wuce, kuma tafiyarsa da dawowarsa wata biyu ce cur. Na tsaya a gaɓa ina cizon yatsa inda kowa zai gani.

Mataki na 4: Aika abin da ba ya maka ciwo

Jirgi zai dawo, haka jirage suke, ba su da kunya. Illo ya sauka ya ce Maliki na dako a bakin kogi, yana kwana a zauren wani fatoma mai saukar baƙi, wanda ya fara ɗaure masa fuska. Wannan karon dole a ga wani abu a hannunka. Duba gida, me ya yi yawa? Ni banda ce, kifin da muka ƙyafe tun bara har ƙwari sun fara yi masa hidima. Na cika kwando na ɗaure da igiya sabuwa. Igiyar ita ce muhimmiya, ita ido ke fara gani.

Illo ya dubi kwandon, ya dube ni. Ya ce, “Sallau, kihi zan kai Gawo? Mutanen da karnukansu sunka ƙoshi da kihi?”

Na ce, “Na gida daban na, Illo. Shi ji ƙamshin gida, hankalinai shi kwanta.”

Haddace wannan amsa, tana aiki ga kowane irin tarkace.

Mataki na 5: Kuɗin da suka riga ka mutuwa

Nan ne gwaninta take, ka natsu. A farkon waccan shekarar, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnati ta canza takardun kuɗi, aka ba da ’yan kwanaki kowa ya kai tsofaffi ya karɓi sababbi. Ni kuwa ina da fam biyar a tukunya ƙarƙashin rumbu, waɗanda ko matata ba ta san da su ba. Tsoron kada a ce Sallau na da kuɗi ya hana ni fito da su, har wa'adi ya wuce, suka zama ganye. Na yi baƙin ciki sosai, ban ɓoye maka ba. Amma da zancen Maliki ya taso, sai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ga yadda ake yi. Ninke takardun, kai wa baduku ya ɗinke su cikin fata kamar laya. Ka san al'adarmu ta bakin ruwa: ɗan sallahu ba ya buɗe ƙunshi. Mai jirgi zai kai maka abu tafiyar wata guda, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, bai leƙa ba, don ranar da aka ce ya buɗe saƙon wani, ranar sana'arsa ta mutu. Amanar nan kakanni suka bar mana, kuma an bar ta ne don masu hankali su ci moriyarta.

Na miƙa wa Illo a gaban liman da mai unguwa. Na ce, “Uku yac ce, ga biyar. Shi sai riga da sauran.” Liman ya sa mini albarka har muryarsa na rawa. Wata tsohuwa ta ce da kowa na da aboki irina, da duniya ta zauna lafiya. Ka ga ban yi ƙarya ba. Fam biyar na ce, fam biyar ne a ciki. Ba wanda ya tambaye ni lafiyarsu.

Mataki na 6: Kula da tsohuwarsa, amma daga bakin ƙofa

Leƙa kullum da hantsi, lokacin da mutane ke wucewa gona. Gaisuwa kyauta ce. Sai dai ka yi hattara da tsofaffi, idonsu ya mutu amma hancinsu na nan. Inna Zuliha, mahaifiyar Maliki, ita ta yi mini wankan jarirai lokacin da tawa uwar ke kwance, saboda haka ba wani lungu a jikina da ba ta sani ba.

Wata rana ta ce, “Sallau, kuɗɗin da ka aika ma ɗan uwanka, ƙahwa ag gare su ko hiffike?”

Na ce, “Inna, hanya ta da nisa.”

Ta ce, “Hakanan na. Albasarka dai ta kai Ikko ta dawo da kuɗɗi tun watan jiya.”

In ta kai nan, ka tuna ka bar akuya a sake.

Mataki na 7: Tsaya a ƙofarsa ranar lamba

Masu lamba suka zo ana gab da damina, da bokitin fenti da babban littafi. Suka rubuta nawa, suka matsa gidan maƙwabta. Akawun ya ce, “Gidan wa?” Inna ta fito da sanda ta ce, “Gidan Maliki na.” Ya ce ina Malikin? Ta ce shina Gawo. Ya goge gumi ya ce shi mutanen gungu aka aiko shi ya rubuta, ba mutanen Gawo ba, kuma yana da ƙauye huɗu a gabansa.

To, a nan aboki na gari ke bayyana. Kada ka yi gudu, taka a hankali kamar wanda aka tilasta. Na ce, “Malam, rubuta sunana, in riƙe mai kahin shi dawo.” Jama'a suka yi kabbara. Inna kuwa ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai, na ce fenti ne ya shiga mini ido.

Kalmar “riƙe” ka kama ta da kyau. Ba ta da ranar ƙarewa.

Mataki na 8: Kada gida ya zauna banza

A sabon gari an ba ni gida biyu jere, na siminti. Inna ɗaki ɗaya ya ishe ta, tsohuwa ce. Sauran na zuba albasa, na sauki wani mai sayen banda daga kudu. Gida in ba mutum a ciki lalacewa yake, taimako ne wannan ma.

Mataki na 9: In ya dawo

Zai dawo. Wannan ne kaɗai aibin dabarar, kuma na yi iya tunanina ban samo maganinsa ba. Maliki ya dawo bayan shekara biyu, rabi a ƙafa, rabi a bayan motocin da ya yi wa lodi. Da rana tsaka ya yi sallama, na fito na ga mutum kamar sandar tuƙi an rataya mata riga. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Amma na riga na yi tanadin jawabi, kai ma ka yi naka tun da wuri. Na ce ban san kuɗin sun mutu ba. Na ce takardar gwamnati ba ta canzuwa, sunan da aka rubuta an rubuta. Na ce baƙon kudu ya riga ya zauna, korar baƙo ba halinmu ba ne. Na ce zaure na nan, ya kwana har yadda Allah zai yi.

Ya saurara har na ƙare, bai katse ni ba. Na so ya zage ni, don zagi ana rama shi. Sai ya ce, “Na jiya. Abu guda nika tambaya. Ran da anka tashi daga gungu, wa yak kai Inna jirgi?”

Na ce ni ne. Kuma gaskiya ce, a bayana na goya ta, ruwa har gwiwa, tana kuka tana waigen kushewar mijinta.

Ya ce, “To, na gode da wanga.”

Ya shiga ya naɗe wa tsohuwarsa tabarma, ya ɗauki tukunyarta da butarta. Inna ta fito tana dogara sanda, ta wuce ta gabana. Suka shiga jirgin haya suka haye wajen Wara, ya kafa bukkar kara a bakin tafki, yana jan taru a jirgin wani. A bukkar nan Inna ta cika bayan damina biyu.

Ban da alhaki

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya. Na yi maka alkawarin suna da aljihu, kuma za ka same su. Har yau in aka yi zancen zumunci a garinmu, ni ake nunawa. Amma in tuwo ya fara tsaya maka a wuya, ko ka ga kana canza hanya a kasuwar Yelwa don kada ku haɗu, wannan tsakaninka da cikinka ne, kada ka zo mini.

Haka kuma in kuka haɗu ɗin, mutumin da tun kuna yara bai taɓa kiranka da komai ba sai “kai, mai kan tulu”, ya tuɓe takalmi, ya rusuna, ya ce maka, “Barka da rana, Malam Sallau, ina iyali?” ya miƙe ya wuce, to ba ni na ce ka bi mataki na bakwai ba, karantawa ka yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana yi mini wannan gaisuwa, kuma da mari ne da tuni ya huce. Wanda ya san makarinta ya neme ni a sabon gari, gida mai lamba sha huɗu ko sha biyar. Duk ƙofar da ya buga, ni kaɗai zai tarar.