Ruwan Indararo

Wani ɗan Sin da muke aiki tare a unguwar Alshajara ya ce min a ƙasarsu ruwan farkon damina magani ne. Ni kuwa ga ciwon gwiwa. Ranar da aka yi ruwan fari a unguwarmu Dar Salam, na tara kwano a indararo, na shanye tas, ina yi wa matata bayani kamar likita.

Ta ce, "Malam, ba shekaranjiya ka yaɓe rufin nan da kashin jaki ba?"

Kwana uku ina zaryar ban ɗaki. Gwiwar da ba ta tafiya har gudu ta yi.

Har yau in hadari ya haɗo, maƙwabta sai sun ƙwala min kira: "Ya Daktor, fito da kwano!"