Yadda Za Ka Zaɓi Manhajar Koyar da Ma'aikata Ko da Ka Bar Tabarau a Gida

Saurara da kyau, ba na maimaita magana. In ka bi matakan nan, za ka zaɓar wa gidan kula da tsofaffi manhajar da ke koya wa ma'aikata aiki ta waya, kuma ba mai gane iyakar karatunka. Ni na yi. An sa ni a kwamiti ne don yayana yana kwance a ɗakin kusa da matakala, rabin jikinsa ba ya motsi.

Na ɗaya: san wa kake karewa

Doka ta sauko, duk ma'aikacin da bai ci jarrabawar waya ba, ya ajiye rigar aiki. Wata ma'aikaciya da ake kira Doguwa ce ke juya Yaya duk bayan awa biyu, shekara tara, bayansa bai taɓa yin miki ba. Amma in ta ga rubutu, sai ta ce kanta na ciwo. In ta tafi, Yaya ya shiga uku. Riƙe wannan a ciki, kada ka faɗa wa kowa.

Na biyu: bar tabarau a gida

Da an haska allo, lalubi aljihu ka ja tsaki. "Karanta mini, ɗana." Mutum mai furfura ba ya kasa karatu, tabarau yake mantawa.

Na uku: kada ka yi karin magana

Ina da guda huɗu da suka dace da wurin. Shugabar gidan ta roƙe ni tun daga ƙofa, wai taron bara ni na kai shi la'asar. Haɗiye su. Ɗaure fuska, ya fi aiki.

Na huɗu: kada koren maki ya ruɗe ka

Mai talla na farko ya nuna mana allo, duk wanda ya gama darasi sai kore ya fito gaban sunansa. Na ce a gwada da maigadi. Cikin minti huɗu ya gama darasin yi wa tsoho wanka, yana ta danna "gaba". Na ce, "Me ka koya?" Ya ce, "Baba, kore ya fito." Sallami mai talla cikin mutunci.

Na biyar: kwantar da mai talla

Mai talla na biyu ya zo da bidiyo, wasu na juya mutum-mutumin roba. Roba ba ta nishi, ba ta zagi, ba ta riƙe ƙarfen gado. Na sa aka turo gado, na ce ya hau.

"Ni, Baba?"

"Akwai wani mai sayarwa a bayanka ne?"

Ya hau da takalminsa. Doguwa ta naɗe masa gwiwa, ta tura matashi, ta ce, "Saki jikinka, ƙanena, ba yanka ka zan yi ba." Kafin ya gama gyara wuyan riga, yana kallon bango.

Sai ka tambaya: "Abin da ta yi yanzu, a ina zan zuba shi a cikin na'urarka?" Ya ce nasu darussan a rufe suke zuwa. Sallame shi, amma bari ya sauko tukuna.

Na shida: tambayi ko tana magana

Ta uku mace ce, ba ta da surutu. Ta ce tasu tana karanta tambaya a kunne, kana iya ɗaukar bidiyon mutanenka ka zuba, kuma kore ba ya fitowa sai shugaba ta ga aikin da idonta. Kada ka yi murmushi. Ce, "Za mu duba," alhali ka riga ka ɗaga hannu.

Na bakwai: jira sakamako

Darasi na huɗu yanzu bidiyon Doguwa ne tana juya Yaya. Ta zauna jarrabawar darasin da abin sauraro a kunne, ta ci tara cikin goma. Ta je ofis ta ce tambaya ta goma ce ba daidai ba, ba a fara ɗaga kafaɗa. Aka duba, aka gyara tambayar. Rigarta na jikinta.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai biyo baya. Tun da Yaya ya ga kansa a waya, ba ya yarda a juya shi sai an taje masa gemu, kuma yana tambayar sababbin ma'aikata ko sun gane shi. In naka tsohon ya yi haka, kai da shi. Ni ban ga komai ba, tabarau na gida.